Ƙawata ta tsaya a darasi na biyu, ni kuma na zama likitar minisite

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce 'yar shekara ta biyu a Jami'ar Ngaundere ta Kamaru, ina zaune a minisite, wato gidan hayar ɗalibai, a Dang, inda jami'ar take, ɗaki ɗaya da wata ƙawata tun shekarar farko. Tun da sakamako ya fito ta ga tana da ratrafaj uku, wato jarrabawa uku da za ta sake, ta canja: ba barci, ba cin abincin kirki, zuwa amfi, zauren lacca, ma sai ta ga dama. Na samo mata wani shiri a waya, da Faransanci, mai darasi takwas, wanda mutum ke bi da kansa don rage damuwa. Ta yi darasi biyu ta ji daɗi, daga nan shiru. In na tambaye ta sai ta ce "zan yi", kwanan nan har gudun haɗa ido da ni take yi. Wasu uku, har da namiji ɗaya, sun ji labari suka ce su ma in taimaka musu, sai na buɗe mana guruf a WhatsApp. Yanzu har ƙarfe biyun dare saƙo shigowa yake, karatuna ya fara taɓuwa, kuma ina tsoron ranar da wani zai gaya mini abin da ya fi ƙarfina. In ci gaba ko in janye?

Wata ɗaliba, daga Dang

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ƙawarki lafiya. Ki ci gaba, amma ki sake salo tun a makon nan. Aikin da kika ɗauka ba shi da lokacin farawa, ba shi da lokacin tashi, kuma irinsa ne ke kayar da mai taimako tun wanda ake taimaka wa bai miƙe ba.

Tsayawar ƙawarki a darasi na biyu kada ta ba ki mamaki. Masu bincike sun daɗe da lura cewa yawancin waɗanda suka fara irin wannan shiri su kaɗai, ba mai bibiyarsu, ba sa kai shi ƙarshe, kuma a darussan farko ake zubewa. Dalilin yana cikin ciwon kansa. Damuwa mai nauyi ƙarfin zuciya take fara cinyewa, wanda shi ne ake bukata a yi maganinta. Wadda tashi ta yi wanka ya zame mata aiki, ta yaya za ta zauna ita kaɗai ta cika shafin tambayoyi? Ga kuma yadda ake gina darussan. Na ɗaya da na biyu galibi bayani ne, mutum ya karanta ya ce "wallahi kamar da ni ake", ya ji sanyi a ransa. Daga na uku ake fara cewa tashi ka yi kaza, rubuta kaza, gobe ka dawo da amsa. Nan ne ake sulalewa.

Gudun haɗa ido kuwa kunya ce. Ta yi miki alkawari ta kasa cikawa, yanzu duk lokacin da ta gan ki bashin take gani. Kowace "kin yi kuwa?" da kika faɗa da kyakkyawar niyya ƙara mata bashin take. Ki daina wannan tambayar kwata-kwata a wajen lokacin da za ku ware.

Abin da aka gwada aka ga yana aiki ɗan ƙarami ne har sai kin raina shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da ma'aikatar lafiya ta Labanon, sun gwada wani shiri na waya mai suna Step-by-Step, darasi biyar, a kan 'yan ƙasar da kuma 'yan gudun hijirar Siriya. Kowane mai bin shirin an haɗa shi da mataimaki wanda ba likita ba ne, an dai horar da shi, kuma abin da ke tsakaninsu bai wuce minti 15 a mako ba, ta kira ko ta saƙo. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna damuwar waɗanda suka bi shi ta ragu fiye da ta waɗanda ba su bi ba, ko da yake can ma da yawa sun bari a hanya. A Zimbabuwe kuma, tun 2006 likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata a Harare su zauna da masu damuwa a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, zama shida, su taya mutum warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya. A duka biyun, mataimakin yana da lokaci ƙayyadajje, yana da iyakar abin da zai taɓa, kuma akwai wani na sama da shi da yake kai wa rahoto. Ke a yanzu ba ki da ko ɗaya cikin ukun. Su za mu gina.

Ki sami ƙawarki a lokacin da babu kowa, ba da dare ba, ki ce mata wani abu kamar haka: "Na ga ina takura miki da tambaya, na bari. In kina so, mu tsai da rana ɗaya a mako, minti goma sha biyar, mu duba inda kike. Ko ba ki yi komai ba ki zo, ba faɗa. In ba kya so, ƙawancenmu yana nan yadda yake." Wannan jimlar ta ƙarshe ki faɗe ta da gaske. Idan ta ce a'a, kin rasa shiri ne kawai, ƙawarki tana nan, kuma sau da yawa wadda aka sakar wa mara ita ke dawowa da kanta bayan mako biyu.

Idan ta amince, ku zaɓi rana da sa'a waɗanda ba sa motsi, kuma ku jingina su da abin da dama ana yi, misali Laraba bayan la'asar. Ku fita daga ɗakin. Ɗakin da kuke kwana, kuke girki, kuke gardamar wa zai ɗebo ruwa, in ya zama wurin wannan zama ma, ba za ta ƙara samun inda za ta huta da ke ba. Gindin bishiya a cikin makaranta ya isa. Ku sa agogon waya.

Ga yadda mintunan za su tafi. Biyu na farko gaisuwa ce da "yaya makon?", a taƙaice. Biyar na gaba ita ke magana: me ta karanta, me ta gwada, me ya faru da ta gwada. Ki roƙe ta ta maimaita miki darasin da Hausa ko Fulatanci, duk wanda take tunani da shi. Wannan ba wasa ba ne. Mutum yana iya karanta shafi guda na Faransanci ya gane kowace kalma, amma bai taɓa masa zuciya ba sai ya faɗe shi da harshen da yake kuka da shi. In ta kasa maimaitawa, darasin bai shiga ba, ku sake shi maimakon ku wuce. Biyar na uku na cikas ne: abu ɗaya tak da ya hana ta, da yadda za a kauce masa. Ukun ƙarshe su ne suka fi kowanne tsada. A cikinsu za ta faɗi ranar da za ta yi darasi na gaba, da sa'a, da wurin, ta rubuta da hannunta. "Zan yi cikin makon nan" ba a karɓarsa. "Asabar ƙarfe tara na safe, a ɗakin karatu, bayan na karya" shi ake nema. Agogo ya buga, ku tashi, ko hira ta yi daɗi.

Ranar da ta zo ba ta yi komai ba, wadda za ta zo, kada ki nuna ɓacin rai kuma kada ki ce "ba komai" ki wuce. Ki ce, "To, me ya tsaya a hanya?" Sannan ki rage kayan. Darasin minti talatin ya koma minti goma. In goman ma ta gagara, ku buɗe shi tare a nan take ta karanta shafi ɗaya a gabanki. Mai damuwa yakan jira sai ya ji sha'awar yin abu kafin ya yi, alhali a wannan ciwon sha'awar bayan aikin take zuwa. Kusan duk shirin kirki a kan wannan aka gina shi: a fara motsi kaɗan, zuciya ta biyo baya.

Cikas ɗin da za ku riƙa cin karo da shi a Dang ba a rubuta shi cikin shirin ba, domin waɗanda suka rubuta ba su san forfe, wato datar da aka saya, yana ƙarewa a tsakiyar bidiyo ba. Ku sauke duk abin da ke saukuwa a ranar da rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi kyau, murya da rubutu, ku bar bidiyo in akwai rubutaccensa. Aikin da ake cikawa a waya ta kwafe shi a ƙaramin littafi, saboda ranar da aka ɗauke wuta caji ya mutu kada ya zama hujja. A ajiya kuma yana da kyau ku sauke ɗan littafin nan mai hotuna da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 a kan abin da mutum zai yi a lokacin matsi. Kyauta ne, akwai shi da Faransanci, yana da sassa biyar da gajerun muryoyi na kwantar da hankali, kuma da zarar ya sauka ba ya ƙara cin kiredi.

Misalan cikin shirin ma sai kun yi musu kwaskwarima. In ya ce a fita yawo da kare ko a je sinima, ku tambayi kanku me ake nufi: ƙaramin abu mai daɗi, ko mai amfani, ko mai haɗa mutum da mutane. A nan wannan shi ne zuwa kitso, ko dafa shinkafa da wake tare da maƙwabta, ko raka wata kasuwa, ko kiran inna a Garwa ranar Juma'a, ko wankin kala uku kawai maimakon jiran ranar da za a wanke tulin duka. Numfashin da ake koyarwa, a ja a hankali ana ƙirga uku, a sake ana ƙirga uku, na tsawon minti biyu, ya fi zama ɗabi'a in an liƙa shi da idar da salla, tana zaune a kan darduma. Wanda ya ce muku shirin yana karo da addu'a bai duba shi ba. Addu'a tana nan, malamin da aka yarda da shi yana nan. Abin da za ki kiyaye kawai shi ne kada "sammu ne" ko "iska ce" su zama dalilin da za a hana ta ganin likita.

Tun da mun ambaci likita: kafin ku ɗora komai a kan damuwa, ta je cibiyar lafiya ta jami'a a duba jikinta. Zazzaɓin cizon sauro da bai warke sosai ba, taifot, ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, duk suna kawo kasala da rashin cin abinci da faɗuwar gaba. Ki kuma tambaye ta, ba da zargi ba, abin da take sha don ta yi karatun dare. Shayi mai kauri da kofi bayan la'asar suna kashe barci. Tramol kuwa, wanda kowa ya san yadda ya yi katutu a arewacin ƙasar nan, yana ɗaga mutum na 'yan sa'o'i ya yar da shi ƙasa da inda ya ɗauke shi, kuma mai shansa kullum ba ya dainawa farat ɗaya ba tare da ma'aikacin lafiya ba.

Shi kansa shirin da kika samo, ki duba shi da idon mai saye. Wa ya yi shi? Jami'a, ma'aikatar lafiya ko hukuma sananniya sun fi kamfanin da ba ya faɗin sunan ko mutum ɗaya. Yana faɗin hanyar da ya dogara a kai? Mafi yawan waɗanda aka gwada suna bin hanyar gyara tunani da ɗabi'a, wadda za ki ga an taƙaita ta da TCC a Faransanci. Yana da ƙarshe? Darasi takwas alama ce mai kyau, wanda ke son a zauna cikinsa har abada ana biya duk wata kasuwa yake ci. Yana gaya wa mutum abin da zai yi in ya shiga haɗari? In yana neman lambobin da ke cikin waya ko hotuna, ku goge shi. Manhajojin hira da ke amsawa kamar mutum kuma, ba laifi a yi musu tambaya, amma suna iya faɗin kuskure da cikakken ƙarfin hali, kuma ba za su ƙwanƙwasa ƙofar kowa da tsakar dare ba.

Za ki so ki san ko ana ci gaba, kuma ido yana ruɗi. Akwai ma'auni mai tambaya tara da ake kira PHQ-9, kyauta, akwai shi da Faransanci. Kowace tambaya tana duba makonni biyun da suka wuce, ana ba ta maki daga 0 zuwa 3: 0 in abin bai faru ba, 1 in wasu kwanaki ne, 2 in ya fi rabin kwanakin, 3 in kusan kullum ne. Jimla tana tsakanin 0 da 27. Daga 5 zuwa 9 damuwa ce mai sauƙi, 10 zuwa 14 matsakaiciya, 15 zuwa 19 ta fara tsanani, 20 zuwa sama mai tsanani. Ita za ta cika da kanta, sau ɗaya a mako biyu, ta gaya miki jimlar in ta ga dama. Sauka ko hawa na maki ɗaya ko biyu ba labari ba ne, na maki 5 shi ake ɗauka da muhimmanci. Ma'aunin ba ya yanke hukuncin cewa wance tana da ciwo kaza, kuma ke ma kada ki yanke. Amfaninsa a wurinki ɗaya ne, ya gaya miki yaushe aikin ya fita daga hannunki. In jimla ta kai 15, ko ta hau sau biyu a jere, ko an yi mako huɗu zuwa shida ana bin shirin ba ta motsa ba, sai asibiti, shirin ya zama rakiya. Tambaya ta tara kuwa, wadda ke kan tunanin mutuwa ko cutar da kai, ko 1 aka sa mata ba a jiran mako ya zagayo.

Wannan ya kawo mu ga abin da kika ce kina tsoro. Gara ki shirya masa yau da rana tsaka. In ɗayansu ya ce "na gaji da duniya", "gara ba ni", "ku yafe mini", ko ya fara rabar da kayansa, ki tambaya kai tsaye, da murya a kwance: "Kina tunanin kashe kanki ne?" Mutane suna tsoron tambayar za ta shuka tunanin. An bincika, ba ta shukawa, sau da yawa ma sauƙi take kawo wa wanda ya daɗe yana ɗauke da abin shi kaɗai. Kada ki fara da wa'azin wuta ko "ki ji tsoron Allah". Ta san hukuncin tun tana islamiyya, kuma tsoron jin wannan amsar ne ya sa ta yi shiru tun farko. In ta ce e, ki tambaya ko ta tsara yadda za ta yi, ko abin yana hannunta, ko ta taɓa gwadawa. In akwai tsari ko kayan aiki, kada a bar ta ita kaɗai ko na minti goma. A kwashe ƙwayoyi, maganin ɓera, maganin ƙwari da duk abin da ta ambata daga ɗakin. Ki kira babba ɗaya. Ku tafi sashen gaggawa na asibitin yanki a cikin gari, a daren, ku biyu ko uku. In ta riga ta sha wani abu, ba a sa ta amai, ba a ba ta madara ko manja, a ɗauki kwalbar ko kwalin a tafi da shi. In kuwa tunani ne kawai ba tsari, ki raka ta wurin ma'aikacin lafiya cikin kwana ɗaya ko biyu, ku kuma rubuta sunayen mutum biyu da za ta kira in dare ya yi mata tsawo.

Dang da cikin gari akwai tafiyar wajen kilomita 15. Saboda haka tun yanzu ki ajiye lambar ɗan mashin ɗaya ko mai mota da kika yarda da shi, wanda zai ɗauki waya da dare, da kuɗin zuwa da dawowa a wani wuri da ba kya taɓawa.

Akwai wasu alamun da su ma ba na shirin waya ba ne: jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, zargin ana bin mutum ko ana sa masa guba, kwana uku ba barci amma ga ƙarfi da surutu da ɓarnar kuɗi, daina ci da sha gaba ɗaya. Waɗannan na likita ne kai tsaye. Haka in tushen damuwar wani ne ke cutar da ita, duka, ko fyaɗe, ko mai neman ta da lalata don maki. Numfashi a hankali ba ya korar azzalumi, kuma zalunci ne a koya wa mutum haƙuri da abin da ya kamata a tsayar.

Saboda irin wannan rana, maganar sirri a yi ta tun zaman farko. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, abin da aka gaya miki ya mutu a wurinki, ko ga babbar aminiyarki, ko da sunan "a taya ta addu'a". Amma ki faɗa wa kowannensu ƙarara: "In na ga ranki na cikin haɗari zan nemi taimako, kuma zan gaya miki kafin in yi." Wanda ya ji wannan tun farko ba zai kira shi cin amana ba ranar da ya faru. Kada ki taɓa rantsewa kan Alƙur'ani cewa ba za ki faɗa wa kowa ba kafin ki ji abin da za a faɗa.

Guruf ɗin WhatsApp kuma, ra'ayinmu ki rufe shi, ko ki mayar da shi allon sanarwa wanda ke kaɗai ke rubutu a ciki, tunatarwar rana da sa'a kawai. Illarsa uku ce. Hoton allo ɗaya ya isa ya kai sirrin yarinya har gidansu, kuma wayar ɗaliba ba tata ba ce ita kaɗai, yaya yana dubawa, saurayi yana dubawa. Na biyu, masu damuwa huɗu a ɗaki ɗaya da tsakar dare junansu suke ja ƙasa, kowa ya kawo nasa a yi ta juyawa ba a fita da komai, a kwana da nauyin mutum huɗu maimakon na ɗaya. Na uku, wanda ya ga wasu sun kai darasi na biyar shi yana na biyu, ficewa zai yi. Ki sanar da su cewa daga ƙarfe tara na dare wayarki a rufe take ga wannan magana, sai dai haɗarin rai, shi kuma kira ake yi, ba saƙo ba. Makon farko za su gwada ki. In kika amsa sau ɗaya ƙarfe ɗaya na dare, dokar ta mutu.

Mutum huɗu sun yi miki yawa. Biyu ne iyakarki a semestir ɗaya, uku in babu jarrabawa a gaba. Namijin ki haɗa shi da namiji mai hankali, wanda zai bi wannan tsarin na minti 15. Zaman sirri na mako-mako tsakanin saurayi da budurwa a Dang, ko zukatanku fari fat ne, bakin mutane ba zai bar ku ba, kuma mai raunin zuciya yana saurin ɗaukar kulawa a matsayin so. Sauran biyun, in damuwarsu mai sauƙi ce, suna iya riƙe juna: minti 15 wannan ta tambayi waccan, su juya. Sharaɗin shi ne kada a haɗa biyu masu nauyi.

Ita ƙawarki akwai abin da za ki auna. Kwana ɗaki ɗaya da wadda kike bibiya yana da wuya, domin ke ce mai ganin ta kwance ranar Asabar ƙarfe tara, lokacin da ta ce za ta yi darasi. In kin san bakinki ba zai iya shiru ba, ki ba wata amintacciya zaman mako, ke ki tsaya a matsayin ƙawa mai cewa "taso mu ci abinci". Wannan matsayin ba ƙarami ba ne.

Kada kuma ratrafaj ɗin nan uku su ɓace a cikin maganar damuwa, don su ne ƙayar. Zama ɗaya cikin zamanku ku ba su shi. Ta rubuta duk abin da ke damun ta, ta ware waɗanda ake iya taɓawa da waɗanda ba a iyawa, ta ɗauki ɗaya mafi sauƙi. Ta kawo hanyoyi biyar ko shida ba tare da tacewa ba, har da na banza, sannan ta zaɓi ɗaya ta yanka shi ƙanana: karɓo tsofaffin tambayoyi wurin delege, wakilin aji, ranar Litinin, zama da wance mai gane darasin ranar Talata, shafi huɗu a rana. Ke kada ki kawo mafita sai ta ƙare nata, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In tsoron gaya wa baba ne ya fi jarrabawar nauyi, wanda sau da yawa shi ne, mutumin da ya biya sefa 50,000 na rajista da kuɗin ɗaki daga guminsa, to wannan ma matsala ce da ake yankawa: wa za a fara gaya wa, inna ko gwaggo, da waɗanne kalmomi, a wace rana.

Saura na sama da ke. Cikin makon nan ki je cibiyar lafiya ta jami'a ki nemi nas ko likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a ɗaya, ki ce kina rakiyar wasu ɗalibai a kan shirin taimakon kai, ba tare da ambaton suna ba. Ki tambaya wa ke duba masu damuwa a nan, wace rana, nawa ake biya, in abin ya fi ƙarfinsu ina suke turawa. Ki roƙi izinin leƙo shi sau ɗaya a mako biyu ki faɗi abin da ya shige miki duhu. In na farko ya yi miki kallon raini, ki nemi na biyu. Ke ma ki cika PHQ-9 ɗin nan sau ɗaya a wata. Ranar da kika ga kina jin faɗuwar gaba in waya ta yi ƙara, ko kin fara jin haushin waɗanda kike taimako, ki huta mako biyu ki miƙa su ga wani.

Ku sa wa abin ranar ƙarewa tun yau. Darasi shida suka rage mata, ku ba su mako takwas, saboda makon jarrabawa ba a ɗora sabon darasi, numfashi da barci kawai ake riƙewa. In hutu ya ratsa, ta tafi Garwa ko Marwa ko ta haye Cadi, zaman ya koma kira a rana da sa'ar da aka saba, ke ce mai kira, kuma ki fara tambayar ko akwai kowa kusa da ita kafin ki ambaci komai. A zama na ƙarshe ta rubuta a shafi ɗaya abubuwa uku da suka fi yi mata amfani, da alamu uku da take gane ciwon na dawowa da su, da sunan wanda za ta fara nema. Ta ɗauki hoton shafin, takardar kuma ta sa cikin akwati. Bayan wata ɗaya ku sake zama sau ɗaya, minti 15, ta cika ma'aunin ku gani.